Aron Rariya

Ranar Talatar da ta wuce wata mata ta yi sallama a ƙofar baya ta makarantarmu, ta ce ta zo aron rariya. Ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ta tashi da ladabinta ta ciro rariyar daga ƙusa ta miƙa mata, har da cewa a gaida gida. Matar ta karɓa ta juya. Kafin la'asar aka aiko da rariyar, ko ɗigon gari babu a jikinta. Da labarin ya iso ni sai na ja mayafi na rufe fuska, domin a gidan Inna Malama aka yi wannan, kuma ni ce zaune a kan buzunta. Ku kun yi sauka, kun riƙe takardun shaida, kuna ganin koyar da matan aure ai zama ne a inuwa ana biya wa tsofaffi gajerun surori. To ku matso in gaya muku aikin da rariyar nan take yi a jikin bango, da wadda ta rataye ta.

Inna Malama 'yar Tsaskiya ce ta ƙasar Safana, aure ya kawo ta Batsari. A bayan zauren mahaifinta ta yi karatu, tana jin abin da ake biya wa maza tana kwashewa, har ya gane ya saya mata allo. Lokacin da na san ta ta riga ta tara jikoki, amma kyau bai yi mata sallama ba. Doguwa ce, wankan tarwaɗa, da wushirya, idanunta ba sa rabuwa da kwalli. In ta gifta sai ƙamshin turaren wuta da na tawada su biyo bayanta. Mijinta tela ne, ya rasu kafin zuwana. Shi ya fasa katangar bayan gida da hannunsa ya sa ƙyaure, saboda ta ce masa akwai matan da har abada ba za su shigo ta zaure ba. Duk sanda za ta rufe ƙyauren nan a hankali take tura shi, kamar mai gudun tayar da wani daga barci.

Aikina na farko a wurinta wankin allo ne. Ina amarya a lokacin, gidanmu na jikin nata, na shiga da niyyar in ƙarasa karatuna sai ta miƙo mini ƙwarya. Za a wanke allo a cikin ƙwarya, ba a ƙasa ba, ruwan kuma a kai shi gindin bishiya inda ƙafa ba ta takawa. A shafa farar ƙasa, a jingine a rana. Daga nan ta koya mini dafa tawada: a daka gawayi ya yi laushi kamar kwalli, a jiƙa ƙaro, a haɗa a wuta ana juyawa har in aka ɗiga a farce ya tsaya bai gangara ba. Alƙalami daga gamba muke feƙewa, kuma na tsohuwa daban yake da na yarinya, bakinsa mai kauri ne don baƙi ya fito ɓaro-ɓaro. Akwai wani kwanon sha a kan taga cike da tabarau, wasu na mamata, wasu tsarabar alhazai. Mace za ta yi ta gwadawa har ta dace da wanda ya buɗe mata ido, in an tashi ta mayar. Na daɗe a kan waɗannan kafin Inna ta yarda in biya wa kowa ko da harafi ɗaya. Na taɓa yi mata ƙorafi, sai ta ce karatun ai ina da shi, abin da ba ni da shi idon ganin mace ne.

A nan rariya ta shigo. Macen da ta aurar da 'ya'ya, surukai suna durƙusa mata, ba za ta tako ta ce Fatiharta da gyara ba. Tana iya shekaru tana kallon ƙofar nan daga nesa. Ranar da ta yi ƙarfin hali, abin da bakinta zai iya furtawa shi ne ta zo aro. Ban san wadda ta fara ba, amma duk matan unguwa sun san da haka, kuma babu mai faɗa. In mace ta ce rariya, Inna takan ce, "Af, yanzu na gama tankaɗe, bari ta huta. Zauna ki taya ni ji, ina tilawa, ko na yi tuntuɓe." Sai ta ɗauko Fatiha a hankali, ta maimaita, ta sake maimaitawa, har ta ga leɓen baƙuwar ya fara motsi. Rariyar ba ta taɓa barin ƙusarta ba. Wadda ke son tankaɗe da gaske maƙwabciyarta take tambaya, ba makaranta ba.

Gyaran kuskure ma da hanyarsa. Ban taɓa jin Inna ta ce wa babbar mace ta yi kure ba. Sai dai ta karkato da kai, ta sa hannu a bayan kunne ta ce, "Mu sake, kunnena bai ji ba." Sannan ta biya wurin daidai kamar tana tambayar kanta. Alhali kunnen nan yana jin faɗuwar allura a ɗakin jikokinta. Mata sun san haka, suna kuma son ta saboda haka. Wata takan ce, "Inna, kunnen nan naki sai an kai shi Katsina." Ita kuma ta ce ai kuɗin motar take jira daga hannun masu surutu.

Abin da ba a koya muku a makarantunku ba shi ne sunaye. Matanmu na da ba sa kiran sunan miji, ko na suruki, ko na ɗan fari. To ga sunayen annabawa a cikin karatu, kuma su ne sunayen mazajenmu da 'ya'yanmu. Na ga matar da in ta zo wurin sai tari ya kama ta. Na ga mai haɗiye kalmar ta wuce da sauri kamar ta taka garwashi. Inna takan san sunan mijin kowace ɗaliba da na ɗanta na fari tun kafin a rubuta mata allo, don ta san inda za ta rage murya, ta matso kusa, a wuce wurin su biyu babu mai ji. Yawanci a mako guda kunyar takan saki. Mace ɗaya ce na ga tata ta ƙi saki, ita ce Gwaggo Dije.

A mummunar shekarar nan ta zo, shekarar da masu bindiga suka tashi ƙauyuka, mutane suka kwararo Batsari da abin da kai zai iya ɗauka. Ajujuwan firamare da kangaye duk suka cika. Mu ma sana'armu ta ji jiki. Ƙaro a daji ake samowa, gamba ma haka, kuma babu mai shiga daji. Muka koma kankare baƙin tukunya muna haɗawa da ƙonannen sukari, tawadar ta riƙa kiran ƙuda, alƙalami kuwa sai na karan dawa mai saurin dakushewa. Matan da kan kawo mana ɗan gero ko wake bayan girbi suka daina, don babu girbin. Amma ɗalibai suka ninka. Macen da ta rasa gona da turke ba ta da abin riƙewa sai salla, a nan kuma take gane sallar tata da ramuka.

Gwaggo Dije daga wajen Wagini ta fito. Gajeriya ce, baƙa, hannuwanta duk kanta saboda fartanya. Ta tsaya a ƙofar baya ta ce ta zo aron rariya, alhali a ajin firamare take kwana, ba ta da turmi balle gari. Inna ta zaunar da ita kamar kowa. Daga baya ta shaida wa Inna cewa tana da wata buƙata a wurin Allah, kuma tana jin nauyin ta roƙe Shi da karatu mai ramuka. Ta yi alkawari sai ta haɗa izu guda da bakinta, ta yi sadaka, ta kai kukanta. Ba ta faɗi buƙatar ba, Inna kuma ba ta tambaya ba. Da aka tambaye ta sunan ɗan fari sai ta sunkuyar da kai ta ce yaron ga ba ya nan, aka bar maganar.

Ban taɓa ganin mai naci irinta ba. Ita ce farkon zuwa, tabarau mai ɗaurin zare a kunne ɗaya shi ne nata. Tana bin baƙi da tsinke kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Rani ya wuce, damina ta sauka, tana hawa sura bayan sura har ta iso Sabbi. Kun san da ita izu na farko yake cika, kun kuma san ayarta ta ƙarshe da sunayen annabawa biyu take rufewa, Annabi Ibrahim sannan Annabi Musa. Wato kalmar ƙarshe a izunta kaf, sunan Annabi Musa ce.

Ranar da za ta bayar da hadda mata suka cika rumfa, an kwaɓa gumba ta sadaka an rufe da faifai. Ni ke riƙe da allo, Inna na gefe saboda ciwon gwiwa. Gwaggo Dije ta ɗauko surar tiryan-tiryan, ba ta yi tuntuɓe ba. Ta zo ayar ƙarshe, ta ambaci Annabi Ibrahim sarai. Sai ta tsaya, ta ce, "wa yaron ga."

Rumfar ta fashe da dariya. Wata har da riƙe ciki, wata ta ce ashe yaron Gwaggo ya shiga littafi. Gwaggo Dije kuwa ta miƙe. Ta zare tabarau ta saka a kwano, ta gyara lulluɓi, ta fita ta ƙofar baya. Dariyar ba ta gama mutuwa ba wata 'yar garinsu ta yi magana daga ƙarshen tabarma. Ta ce Musa shi ne ɗan Gwaggo Dije na fari, a gona aka tafi da shi tare da shanun huɗarsa, kuma tun ranar ba wanda ya ji ɗuriyarsa, ko a raye ko a mace. Saboda shi take karatun.

Mayafai suka sauko kan fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta iya kallon 'yar'uwarta, babu wadda ta kalli gumbar. Inna ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da mun sami sauƙi. Ta karɓi allon daga hannuna ta jingine shi fuskarsa na kallon bango, ta ce kada wanda ya wanke shi, ta sallame mu.

Kwanaki suka shuɗe Gwaggo Dije ba ta dawo ba. Wata safiya Inna ta sa na ɗauki garin dawa da kuka da daddawa, ta dogara sanda muka nufi firamare. A bayan aji muka same ta tana hura wuta a murhun duwatsu. Inna ta yi sallama, aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi kwana da gajiya da baƙunta, sannan ta ce ta zo aron rariya.

Gwaggo Dije ta dube ta. "Malama, ke kin san ko tukunyar ga ta aro ce."

"To sai mu yi tuwo da tsaki, ƙawata. Matsa mini."

Suka zauna suna haɗa miya, ni ina tuƙi. Can Inna ta ɗauki daddawa ta ce, "Mu sa daddawa?" Na gane dabarar nan take: so take bakin ya saba da hanyar sunan ba tare da mai bakin ta lura ba. Gwaggo Dije ta ce, "A zuba." Inna ta ɗauki barkono ta ce mu sa, aka ce a zuba. Ta ɗauki gishiri ta sake. Sai Gwaggo Dije ta ajiye maburgi ta ce, "Malama, ko gishirin Batsari duka za ki juye cikin miyar ga, a zuba zan ce. Tun yana goye nika tsallake wanga rami." Inna ta yi dariya har kwallinta ya jiƙe, ta ce yau ta gamu da wadda ta fi ta. Ranar na fara ganin haƙoran Gwaggo Dije.

Da aka ci aka wanke hannu, Inna ta yi mata bayani a tsanake. Ta ce sunan nan ba na yaronta ba ne, na Annabi ne, aro yaron ya yi, in ta faɗe shi a karatu mai abu ta kira. Gwaggo Dije ta ce ta ji, ta kuma yarda, amma ba a nan matsalar take ba. Sannan ta ce, "Mai rai aka jin kunya tai, Malama. Ran da na buɗe baki na hwaɗi sunan ga, kamar na ce babu shi ne."

Na zaci Inna za ta kawo hujja, don tana da su. Ba ta kawo ba. Sai dai ta ce to ta dawo makaranta, ta riƙa karantawa har bakin kalmar, ita za ta ara mata baki ta ƙarasa. Haka aka yi. Kullum Gwaggo Dije ta kawo surar har gaɓa, Inna ta sauke kalmar ƙarshe a hankali. Matan rumfa kuwa in an zo wurin kowa sai ta sami abin dubawa a allonta. Waɗanda suka fi dariya ranar su suka riƙa rigegeniyar shimfiɗa mata tabarma. Inna ta ce a sake kwaɓa gumba, Gwaggo Dije ta hana. Ta ce izu da bakin aro bai cika ba, ita kuma cikakke ta yi alkawari. Allon ya ci gaba da zama ba a wanke ba, tawadar sukari har ta fara dusashewa.

Bayan damina ciwo ya kwantar da Inna. 'Ya'ya da jikoki suka taru daga Katsina da Safana, gida ya cika, makaranta ta koma hannuna. Ta rame, amma fuskar nan ta ƙara haske kamar an kunna fitila a cikinta, kuma ko a kwance ba ta yarda an hana ta kwalli ba. A wannan karon kunnen ya yi nauyi da gaske, sai an sunkuya ake mata magana. Wata la'asar, rana ta yi ja a kan duwatsu, ta ce a kira mata ƙawarta ta zo da allonta.

Gwaggo Dije ta zauna a bakin gado, ta ɗaura tabarau mai zare, ta karanta. Ta zo gaɓa ta tsaya tana jira kamar kullum. Inna ba ta ƙarasa ba. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta kai bayan kunne.

"Mu sake, kunnena bai ji ba."

Gwaggo Dije ta sake daga farko, ta sake tsayawa a wurin. Inna ta lalubo hannunta ta riƙe.

"Ƙawata, bakin aron ya gaji, mai shi zai karɓi abinsa. Kuma ba wanda babu kaɗai ake ambata ba. Wanda ya yi nisa ma kiransa ake yi. Mu sake."

Gwaggo Dije ta ɗauko a karo na uku. Ta ambaci Annabi Ibrahim, ta ja numfashi, sai sunan ya fito. Bai fito da muryar karatu ba. Ya fito da tsawo da ƙarfi, irin kiran da mace ke yi daga bakin gona in rana ta yi, abinci ya iso. Har waɗanda ke tsakar gida sai da suka waiwayo. Ta kife fuskarta a kan allon, kafaɗunta na girgiza.

Inna ta lumshe ido ta ce, "Yanzu na ji." Sai ta kira ni, "Binta, a kwaɓa gumba, ki wanke allon."

Ba ta ƙara kwanaki da yawa ba Allah ya karɓi abinsa. Ranar jana'izarta ƙofar baya ta fi zaure cika. Na ga matan da ban taɓa sanin sun yi karatu a gidan ba, manyan mata masu surukai, kowace ta zo tana cewa ita dai maƙwabciya ce, rariya kawai ta taɓa ara. Allah ya jiƙan Inna, ya sa karatun da ta shuka ya zame mata haske.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau babu labarin yaron. Gwaggo Dije tana nan, ita ce tsohuwar da kuke gani kusa da taga da tabarau mai zare, tana cikin izu na biyu. In ta idar da salla takan ɗaga hannu ta roƙa masa dawowa, da sunansa, a fili.

Ni kuwa har gobe in aka ce mini Malama sai na waiwaya in ga ko da wata ake. Na gaji buzu da kwanon tabarau, ban tabbata na gaji idon ba, tun da har aka miƙa rariya a ƙofar nan ina cikin gida. Matar da ta zo ranar Talata kuwa na bincika, na san gidan aurenta, can bayan kasuwa. Na kuma san sunan mijinta da na ɗanta na fari. Gobe bayan azahar wadda ta miƙa rariyar za ta ɗauki mayafinta ta raka ni. Ita za ta yi sallama, ita kuma za ta ce mun zo aro.